Haruffa ukun da na ɗaure mahauci da su

Shekarun baya can, lokacin da ake aikin dam ɗin Bakolori, na taɓa ɗaure wani bawan Allah. Ban taɓa zama alƙali ba, ban taɓa sa kayan ɗan doka ba, shi kuma mutumin ya rasu tun ba a haifi mahaifina ba. Duk da haka na ɗaure shi, da bakina, a gaban jama'a. Kwanaki wani daga cikinku ya tambaye ni dalilin da nake yawan cewa kada mutum ya yi fatawa da ƙamus. To ga dalilin.

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Bakura, ta wajen Damri. Gidanmu gidan malamai ne. Kakan mahaifina alƙali ne tun kafin zuwan Turawa, zamanin da ake shari'a a zaure, muhuti, wato magatakardan alƙali, yana gefe da alƙalaminsa. Mahaifina bai gaji alƙalanci ba, amma ya gaji karantarwa, manyan ɗalibai suna zuwa daga nesa su zauna wata da watanni suna ɗaukar littattafan fiƙihu. Ni kuwa sai aka tura ni Sakkwato na yi Larabci irin na aji da allo, na dawo da takardar shaida, aka ba ni koyarwa a wata firamare a Talata Mafara. Ina da keke, ina da agogo, ina da wani ƙamus mai kauri da aka bugo a ƙasar Larabawa. Kullum ina manne da rediyo ina jin labarai da Larabci. A lokacin in ka ce mini akwai wanda ya fi ni Larabci tsakanin Mafara da Bakura, sai in yi maka murmushin tausayi. Malaman zaure kuwa kallon mutanen da zamani ya bari nake yi musu, har da mahaifina, Allah ya gafarta mini.

Ina da aboki ɗan gidan mahautan garinmu. Tare muka tashi, tare muka sha duka a makarantar allo. Shi ya bi sana'ar gidansu, duk ranar Talata suna kawo nama kasuwar Mafara shi da mahaifinsa. Da an tashi daga makaranta can nake nufa, in tarar ya ajiye mini hanta a gefen tukuba. Mahaifinsa dattijo ne mai raha, ba ya kirana da komai sai Malam Ƙarami.

Akwai wata fadama a bakin gulbi da gidanmu ke nomawa, ana ce mata gonar zaure. Rumbunta daban yake da namu. Da abin da ke cikinsa ake ciyar da ɗalibai da duk baƙon da ya sauka. Ban taɓa tambayar dalili ba. Da mahaifina ya rasu ɗalibai suka watse, zaure ya koma wurin ajiye kekena, mu kuma muka ci gaba da noma gonar muna ci.

Ana nan sai aikin dam ya iso mu. Aka ce za a baje gonaki duka, a haƙa hanyoyin ruwa, daga baya a sake raba wa kowa gwargwadon abin da yake da shi. Saboda haka kowa ya je ƙofar gidan mai gari ya rubuta sunansa a kan gonarsa. Hankalin mutane a tashe yake. Gonar da iyakarta tsamiya ce ko suri, in mota ta bi ta kai ta ture tsamiyar, da me za ka kafa shaida? 'Yan'uwan da suka yi shekara talatin suna noma wuri ɗaya lafiya, sai ga su suna nuna wa juna yatsa.

Ranar da aka zo kan gonar zaure ina wurin. Akawun ma'aikatan dam yana zaune a kan kujera da babban littafinsa, mai gari a kan buzu, dattawa kewaye. Na buɗe baki zan faɗi sunana ke nan sai mahaifin abokina ya gyara zama.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni dai abin da nij ji ga ubana, gonag ga ta kakanmu ta. Shi yab ba malamai su riƙa ci da baƙi. To yanzu Malam ya kau, zaure ya yi shiru. In za a rubuta, ina ganin a tuna da mu."

A hankali ya yi maganar, ba da faɗa ba. Amma ni sai na ji kamar an mare ni. Mahauci ya tashi a gaban jama'a ya ce jikan alƙali yana cin abin da ba nasa ba? Na ce, "Gafara dai, Baba. Wagga magana ba ta baki ba ta. Muna da takarda." Mai gari ya ce to a kawo takarda gobe.

Gaskiya ban san ko muna da ita ba. Na dai san akwai wata tsohuwar gafaka a ɗakin mahaifina mai cike da takardun kakanni. Mahaifiyata ce ta ɗauko mini ita. Da za ta miƙo sai ta riƙe igiyar ta ce, "Ka kai ta ga wanda yas san rubutun mutanen da. Ubanka ma in za shi buɗe ta sai ya yi alwala ya natsu." Na yi dariya na ce, "Inna, Larabci ai Larabci na."

Bayan la'asar na baje takardun a tabarma. Yawancinsu wasiƙu ne da rabon gado. Can na ci karo da wata mai hatimin alƙali, ta yi ja saboda tsufa, gara ta ɗan taɓa gefenta. Rubutun irin namu na da ne, mai kauri, ba wasali ko ɗaya. Na ga an ambaci fadamar da iyakokinta. Na ga sunan kakan dattijon nan, an bi shi da kalmar mahauci. Kafin sunan kuma akwai haruffa uku: ha ƙarami, ba, sin.

Ban ko tsaya ba. Wannan kalma kullum ina jin ta a rediyo, an kama wane an tsare. Na sa mata wasali a kaina na karanta hubisa, wato an ɗaure. Na buɗe ƙamus don in tabbatar, ma'anar farko ta ce haka ne, na rufe. Gaba kaɗan na ga "gonarsa", na ga "a hannun alƙali wane". Akwai layi biyu a tsakiya da tawada ta dushe, haruffan suka hau juna, na yi na yi na kasa. Sai na ce a raina ai addu'o'i ne irin na mutanen da, na tsallake. Labari ya haɗu: mahauci ya yi laifi, an ɗaure shi, gonarsa ta koma hannun alƙali. Har wani daɗi na ji.

Washegari ƙofar mai gari ta cika, don labari ya zaga cewa za a karanta takardar alƙali. Na sa farar riga. Na miƙe tsaye na karanta da irin muryar masu labarai, ina jan kowane harafi, sannan na fassara. Ban rage komai ba, har ƙari na yi. Na ce ga alama laifin babba ne tunda har ya kai ga gona.

Dattijon ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya jawo takalmansa ya sa, ya yi wa mai gari sallama ya tafi. Abokina ya dube ni sau ɗaya ya bi bayansa. Akawu ya rubuta sunana.

Kafin kasuwa biyu ta ci, an laƙaba musu suna. Abokan sana'arsu ne suka fara, cikin wasa, sai ya bi gari: jikokin ɗan sarƙa. Mace za ta aiki a sayo mata nama ta ce a je wurin ɗan sarƙa, ya fi arha. Dattijon ya daina zuwa Mafara. Abokina kuwa bai zage ni ba, bai daina gaishe ni ba. Sai dai in na je ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da zuwa, Malam, na nawa za a ba ka?" Mutumin da muke cin tuwo a kwano ɗaya. Na gwammace ya zage ni. Amma ina gaya wa kaina ai gaskiya na faɗa, takarda ce ta yi magana ba ni ba.

Na dai lura mahaifiyata ta daina ɗibar hatsi daga rumbun gonar zaure. Wata safiya ina ɗaura littattafai a bayan keke ta fito ta tsaya.

Ta ce, "Shekara arba'in ina gidan ga. Ban taɓa jin ubanka ya kira mutanen nan da wani suna ba sai na girma. In da kakansu ɗan sarƙa na, da na ji. Ko ka tai Maradun wurin malamin ubanka, ko ni in ɗauki takardar in tai da ƙafata."

Na san za ta iya. Ranar Asabar na hau keke.

Malamin mahaifina yana wani ƙauye ne kusa da Maradun, cikin waɗanda aka ce ruwan dam zai cinye. Na tarar da gari ana tashi. Ana kwance jinka, ana cire ƙyaure, ana ɗaura tukwane a kan jakuna. Wata tsohuwa tana zaune a bakin rijiya ba ta ɗibar ruwa, tana kallonta kawai. Shi kuma malam yana gindin wata bishiyar bedi, littattafai jibge a gabansa, yana kaɗe kowanne yana sa shi a gafakarsa. Ya haura tamanin.

Na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya yi wa mahaifina addu'a, ya sake tambayar gajiya. Ni duk na ƙosa. Da na samu sarari na miƙa takardar, na ce so nake ya tabbatar mini da abin da na karanta, don hankalin tsohuwa ya kwanta. Ku ji fa, ya tabbatar mini.

Ya kai ta dab da idonsa, yana bi da yatsa. Sai ya miƙo mini ya ce, "Karanta in ji."

Na fara. Da na iso wurin na ce hubisa.

Ya ɗaga hannu. "Tsaya. Wa yas sa maka wasalin ga?"

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ni nis sa."

"To kai kaɗ ɗaure shi, ba alƙali ba."

Ya ce ba hubisa ba ce, habbasa ce. Mahaucin ba shi aka yi wa aikin ba, shi ya yi. Ya habbasa gonarsa, wato ya mai da ita hubusi. Abin da littattafan da na karanta a aji suke kira wakafi, shi malaman ƙasarmu suka gada da sunan hubusi, haka yake a littattafan Malikiyya da alƙalanmu suka yi shari'a da su. Mutum ya tsare dukiyarsa don Allah, ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gadonta, amfaninta kawai ake ci. Layi biyun nan da na tsallake ya karanta su kamar yana karanta wasiƙar jiya: amfanin gonar na masu neman ilimi ne da baƙin da suka sauka a garin, muddin ƙasar tana nan. Alƙali da zuriyarsa masu kula ne kawai.

Sai ya nuna mini ƙasan takardar. "Ƙirga shaidu." Na ƙirga huɗu. "Karanta layin ƙarshe." Na karanta, addu'a ce, Allah ya karɓa daga gare shi ya sa a mizaninsa.

Ya ce, "Ka taɓa ganin an ɗaure mutum an roƙa mai Allah shi karɓa?"

Ya ci gaba da kaɗe littattafansa yana magana, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce mutanen da ba su yi wasa da irin wannan takarda ba, shi ya sa ake tara shaidu a buga hatimi. Sarki yana iya yanka wa baƙo daji ya ce ya noma, amma hubusi ko sarki ba ya taɓa shi. Ya ce kuma in da abin da na karanta gaskiya ne, to ba mahaucin ne abin kunya ba.

"Alƙalin da yaɗ ɗaure mutum yac ci gonatai, mi ne sunanai? Azzalumi. Rawaninai za a tuɓe. Kai ka tashi gaban jama'a ka mai da kakan wani ɗan sarƙa, ka mai da naka ɓarawo, kana murna ka ci shari'a."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ce, "Malam, yanzu ƙaƙa za ni yi?"

Ya ce, "Inda kaɗ ɗaure shi, nan za ka kwance shi. Ka gai da tsohuwarka, ta fi ka fiƙihu."

Da na koma gida na buɗe ƙamus ɗin nan. Ma'anar hubusi tana nan, a shafin da na duba, 'yan layuka ƙasa da inda na tsaya.

Gidan mahauta na fara zuwa. Na tarar da dattijon a zaure yana wasa wuƙa, duk da ya daina fita. Ya rame. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa na faɗa masa komai, ban ɓoye ko layi biyun da na tsallake ba. Ina jira ya yi faɗa. Sai ya ajiye wuƙar ya ce in sake faɗin addu'ar da ke ƙarshen takardar. Na faɗa. Ya ce amin.

Sannan ya ce, "Malam Ƙarami, ni na san kakana bai yi sarƙa ba. Ubana bai yi mani ƙarya ba. Amma ku ad da karatu. Ni in tashi in ce mi? In ce takarda ta yi ƙarya?"

Wannan maganar ta fi duka zafi. Ya san gaskiya, na zo da kuskure, ya yi shiru saboda yana girmama abin da yake zaton na sani.

Na roƙi mai gari ya sake tara mutane. Ya tara, amma ba su kai rabin na farko ba. Wasu sun tafi leburanci wurin aikin dam, wasu suna can suna gadin iyakar gonakinsu. Na tsaya a daidai inda na tsaya, na karanta daidai, na ce ni na yi kuskure, mutumin nan ba ɗan sarƙa ba ne, mai kyauta ne, kuma shekara da shekaru gidanmu yana ciyar da baƙi da hatsinsa muna karɓar godiya. Dattawa suka yi ta salati. Abokina yana can baya, ya harɗe hannu.

Sai akawu ya ce to yanzu sunan wa zai rubuta. Na ce ba tamu ba ce. Dattijon ya ce shi ma yanzu ya gane ba tasu ba ce, tunda ba a gado. Akawu ya ce shi littafinsa gida ɗaya gare shi, na sunan mai gona, kuma ba a rubuta mamaci. Bawan Allah ba mugunta yake yi ba, wanda ya tsara littafin ne bai san akwai gonar da ba ta kowa ba. Alƙalan da suke rubutu da tawadar gawayi sun tanadi wurinta, littafin da aka buga da inji bai tanada ba. Aka daɗe ana juya magana, daga ƙarshe aka goge sunana aka sa na limamin gari, bisa amana. Da aka zo rabo bayan an sha jira, ɗan abin da aka bayar bai kai rabin fadamar ba, kuma ba a wurin ba. Har yau dai ana noma shi, ana ciyar da baƙin masallaci.

Ni da abokina mun shirya, amma ba a rana ɗaya ba. Sai da aka yi wata uku ina zuwa ina tsayawa kamar mai jiran canji, kafin wata Talata ya ce, "Zamna mana, alƙali, ko sai an kawo maka buzu?" Tun daga ranar Alƙali yake kirana, kuma na san na ci sunan. Mahaifinsa ya koma kasuwa na ɗan lokaci kafin Allah ya yi masa rasuwa. Ni kuma na koma na durƙusa gaban malaman zauren da nake rainawa, na ɗauki fiƙihu daga farko, da gemuna.

Abin da na koya ba wai mutum yana iya kuskure ba ne, wannan kowa ya sani. Abin da na koya shi ne ban yi kuskuren don rubutun ya yi wuya ba. Kalmar tana karɓar wasali biyu, na zaɓi wanda zai ba ni gona. Layin da zai hana ni kuma shi ne na ce addu'a ce. Shi ya sa in na ga yaro ya ɗauko rabin jimla daga tsohon littafi yana yanke wa mutanen da hukunci a waya, ba na jin haushinsa sosai. Na san rigar, na sa ta.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Waɗanda suka ji kuskurena sun fi waɗanda suka ji gyaran yawa, kuma kuskuren ya fi daɗin maimaitawa. Watan jiya na shiga kasuwar Mafara, na ji wani matashi yana ƙwala wa jikan abokina kira, "Kai, na gidan ɗan sarƙa, yanko mini na miya!" Yaron ya amsa da dariya, shi kansa ya ɗauka sunan gidansu ne tun asali. Na tsaya na dafa sandata na yi musu bayani tun daga farko, har da wasalin. Suka saurara don ganin furfurata, suka ce Allah ya saka, Baba. Ban yi nisa ba na ji an sake kiransa da sunan.